Yadda Mai Koyo Zai Saƙa Safar Hannu Mara Yatsu Domin Kyautar Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga Sahara ta sauka a Katsina da Daura, babu gaɓar jiki da ke shan wahala kamar hannu. Ana rufe kai da hula, a naɗe wuya da rawani ko mayafi, a ɗora rigar sanyi a kan riga, amma hannu dole ya fito waje domin da shi ake kowane aiki. Safar hannu mai yatsu biyar tana maganin sanyi, sai dai tana hana mutum jan carbi da riƙe biro da danna waya da ƙirga canji, wannan ne ya sa sau da yawa ake sayenta a ajiye a ƙasan akwati. Wadda za a yi bayaninta a nan tana rufe wuyan hannu da tafi da bayan hannu, ta tsaya a gindin yatsu ta bar su a sake, saboda haka tana dacewa da dattijon da ke fita sallar Asuba, da ɗalibar da ke sammakon zuwa makaranta, da ɗan acaɓan da iska ke dukan bayan hannunsa tun kafin rana ta fito.

Gwanayen saƙa sukan yi irin wannan safa da kibiyoyi huɗu ko biyar a zagaye, su fitar mata da babban yatsa. Mai koyo ba ya bukatar wannan. Da kibiyar saƙa guda biyu kawai za a saƙa shimfiɗaɗɗen ƙyalle mai kusurwa huɗu, a ninke shi biyu, a ɗinke gefensa, a bar kafar da babban yatsa zai leƙo. A ganina babu aikin da ya fi wannan dacewa da wanda bai taɓa gama saƙa ko ɗaya ba, domin ƙarami ne, ba ya cin zare, kuma ta dama da ta hagu iri ɗaya ne, ba a juya komai. Abin da ke ɓata ta ko ya gyara ta shi ne awo, kuma a kansa za a fi daɗewa.

Kayan aikin ba su da yawa: kibiyar saƙa biyu masu kaurin milimita 4, da wata guda mai milimita 5 idan ta samu, da tef ɗin awo irin na tela, da almakashi, da babbar allura mai dakusasshen baki wadda zaren ulu zai shiga idonta, da kwarashi domin gyaran kuskure, sai takarda da biro. Zare kuma a nemi mai matsakaicin kauri, wanda aka rubuta DK a jikin takardarsa. Giram 50 yakan ishi hannun mace, amma idan na namiji za a yi gara a sayi giram 100. Idan dunƙule biyu za a saya, a duba lambar rinin da ke jikin takardar ta zama ɗaya, domin launi ɗaya da aka rina a tukunya daban yakan bambanta kaɗan, kuma bambancin ba ya fitowa a inuwar rumfar kasuwa sai an fita rana. Idan zaren da aka samu siriri ne irin na kayan jarirai, ana iya haɗa sili biyu a saƙa su tare tamkar zare ɗaya. Zaren da ba shi da takarda kuwa sai a ninka shi biyu a gwada da kibiya: kibiyar da kaurinta ya yi daidai da ninkin ita ce abokiyar aikinsa.

Ya kamata a san cewa mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan ulu a Babbar Kasuwar Katsina da sauran kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, wato zaren da masana'antu ke sarrafawa daga sinadaran man fetur. Wannan ba aibi ba ne, domin yana da araha, yana jure wanki, kuma ba ya cika sa ƙaiƙayi. Ana gane shi ta hanyar yanko ɗan guntu a kusanta shi da ashana: akirilik narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, ulu na gaske kuwa yana ƙaurin ƙonannen gashi ya bar toka mai murmushewa. Wannan gwaji yana da amfani na biyu, wato tunatar da cewa safar akirilik ba ta jituwa da wuta, don haka bai dace a yi wa mai shayi ko mai tuya kyautarta domin aiki ba, kuma wanda aka ba a gargaɗe shi ya cire ta kafin ya miƙa hannu jin ɗumi. Zaren auduga a bar shi, domin ba ya riƙe ɗumi sosai kuma idan ya buɗe ba ya komawa. Game da launi, fari da baƙi ƙirin duka suna tona ƙurar hunturu. Ruwan toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai ɗan haske sun fi rufa asiri, kuma sun fi sauƙi ga idon mai koyo, domin a baƙin zare da ƙyar ake ganin inda za a soka kibiya, musamman da dare.

Kafin a taɓa zare, a shafa man kaɗanya ko basilin a hannu a bari ya shige sosai. Kaushi da faso na wannan lokaci suna kama silin zare su tsittsinke shi.

Matakin farko shi ne auna hannun wanda za a ba. A zagaya tef a tafin hannu daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa, hannun yana buɗe ba a dunƙule ba. Tef ɗin tela yana da fuska biyu, ta inci da ta santimita, kuma a nan da santimita za a yi lissafi. Santimita 10 kusan inci 4 ke nan. Hannun mace baliga yakan kai santimita 18 zuwa 19, na namiji kuma 21 zuwa 22, amma awo na gaske ya fi kintace. Tun da kyauta ce, wataƙila ba a son mai ita ya sani, ko kuma wanda za a ba suruki ne da kunya ba za ta bari a kama hannunsa ba. A irin wannan hali sai a ba jikansa guntun zare ya zagaya masa cikin wasa ya ƙulla alama, a dawo a shimfiɗa zaren a kan tef.

Daga nan sai koyon hannu, kuma a kan ƙyallen gwaji za a koya, ba a kan safar ba. Kowane zagayen zare da ke zaune a kan kibiya shi ake nufi da ido. Domin ɗora idanun farko, a warware zare a bar masa doguwar jela, a yi ƙullin zarge a zura kibiya a ciki a riƙe ta da hannun dama. Wannan ƙulli shi ne ido na ɗaya. A kama jelar da yatsun hagu uku na ƙarshe, a zagaya ta a babban yatsan hagu yadda zaren zai gitta kansa a tsakanin yatsan da kibiya, a soka bakin kibiya daga ƙasa cikin zagayen da ke jikin yatsan. Sai a ɗauki zaren da ke fitowa daga dunƙule da hannun dama a naɗa shi sau ɗaya a bakin kibiyar, a ɗaga zagayen da ke babban yatsa a tsallakar da shi kan bakin kibiya, a zare yatsan a ja jelar a hankali. Idan ido ya warware da zarar an cire yatsa, to an zagaya zaren ta bai-bai, sai a juya. Kada a ɗame idanun. Ya kamata su riƙa zamewa a kan kibiya ba tare da an tura da ƙarfi ba.

Saƙa da kibiya gaba ɗayanta a kan motsi biyu ta ginu, saƙar gaba da saƙar baya. A mayar da kibiya mai idanu hannun hagu, wadda ba komai a hannun dama. A saƙar gaba zare yana bayan aiki: a soka kibiyar dama cikin ido na farko daga hagu zuwa dama har ta ɓulla bayan ta hagu, a zagayo da zare ta ƙarƙashin bakinta a hawo da shi ta tsakanin kibiyoyin biyu, a jawo sabon zagayen ta cikin tsohon ido zuwa gaba, sannan a zame tsohon idon daga kibiyar hagu. A saƙar baya kuwa zare yana gaban aiki, wato ɓangaren ƙirjin mai saƙa: a soka kibiyar dama daga dama zuwa hagu ta tsaya a gaban ta hagu, a ɗora zare ta samanta a zagayo da shi ƙasa, a tura sabon zagayen ta cikin tsohon ido zuwa baya, a zame tsohon. Idan idanu sun ƙare a hagu an gama layi ɗaya, sai a musanya kibiyoyi a sake farawa. Layi ɗaya na gaba, layi ɗaya na baya, a yi ta maimaitawa, shi ke ba da saƙar sumul irin ta jikin suwaita, wadda fuskarta ke da ƙananan zane masu siffar harafin V, bayanta kuma guda-guda.

Hannun mai koyo yana ɗame zare a kwanakin farko saboda tsoron kada ido ya kuɓuce, daga baya ya saki jiki saƙar ta buɗe. Wanda ya fara safa kai tsaye sai ya ga ta farko ta matse, ta biyu ta yi ɓurma-ɓurma. Saboda haka a yi ta saƙawa ana warwarewa har layuka su daidaita, sannan a yi ƙyallen gwaji na gaske: a ɗora ido 28, a yi saƙar sumul har tsawonta ya kai santimita 12, a shimfiɗa ta a kan faifai ko tebur ba tare da an ja ta ba, a aza tef a tsakiya a ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Zaren DK da kibiya mai milimita 4 yakan ba da ido 22 ko kusa da haka, amma kowane hannu da irin nasa, kuma adadin da aka ƙirga shi ne gaskiya, ba wanda ke jikin takarda ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki domin suna ganin ɓata zare ne, alhali zaren gwajin ana warware shi a sake amfani da shi.

Ga lissafin. A cire santimita 2 daga awon hannu, domin saƙa tana buɗewa kuma ana so safar ta kama hannu ta hana iska shiga. A ninka abin da ya rage da adadin idon da ke cikin santimita ɗaya. Misali, hannu mai santimita 19 ya koma 17. Idan gwaji ya ba da ido 22 a santimita 10, to ido 2.2 ke nan a kowace santimita, kuma 17 sau 2.2 ya ba da 37.4. A nemi lamba mafi kusa wadda huɗu ke raba ta ba saura, wato 36, a ƙara mata 2, ya zama ido 38. Ƙarin biyun nan su ne idanun gefe da ɗinki zai cinye. Ga namiji mai santimita 22, lissafin zai zama 20 sau 2.2, wato 44, a ƙara 2 ya zama 46. A rubuta wannan adadi a takarda, domin da shi za a duba kowane layi.

Yanzu sai safar kanta. A bar jela mai tsawon mita ɗaya da rabi, a ɗora ido 38 ko adadin da lissafi ya bayar, kuma kada a yanke ragowar jelar, da ita za a yi ɗinki. Wuyan safar da saƙar roba ake yin sa, wadda ke fitowa tudu da kwari kamar kunyoyin gona kuma take miƙewa ta koma. A layi na farko a yi ido biyu na gaba, biyu na baya, biyu na gaba, haka har ƙarshe, kuma idan lissafi daidai ne za a ƙare da biyu na gaba. A layi na biyu a fara da biyu na baya, biyu na gaba, a ƙare da biyu na baya. Bayan layuka uku ko huɗu ba sai an ƙirga ba, saƙar ce za ta faɗa: idon da ya nuna V a yi masa ta gaba, wanda ya nuna guda a yi masa ta baya.

A nan ne kusan kowane mai koyo ke tuntuɓe. Duk lokacin da za a tashi daga saƙar gaba zuwa ta baya, dole a ratso da zare ta tsakanin bakin kibiyoyin biyu zuwa gaba, idan za a koma ta gaba kuma a mayar da shi baya ta wannan hanyar. Idan aka manta, ko aka tsallakar da shi ta saman kibiya, zaren zai kwanta a kanta ya zama ƙarin ido, a samu huji a wurin, kuma a wayi gari ido 38 ya zama 41. Maganinsa ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi, aƙalla har a gama wuyan. Akwai kuma ido na farko a layi, wanda idan aka ja zarensa sama ta bayan kibiya yakan nuna ƙafa biyu kamar ido biyu ne. A saukar da zaren ƙasa kafin a fara, sai a ga ɗaya ne. A ci gaba da saƙar roba har ta kai santimita 6, a rubuta yawan layukan da aka yi.

Daga nan a koma saƙar sumul na tsawon santimita 10, wato kimanin layi 28 zuwa 30. Wannan shi ne wuri mafi sauƙi, kuma gefensa zai riƙa naɗewa, wanda ɗabi'ar saƙar ce ba kuskure ba, ɗinki zai miƙar da shi. Idan ido ya kuɓuce ya gangara ƙasa ya bar tsani, kada a warware aikin duka. A juya fuskar sumul tana kallon mai saƙa, a soka kwarashi cikin idon da ya faɗi, a kamo matakin tsani mafi kusa da shi a jawo ta ciki, a bi su ɗaya bayan ɗaya har sama, a mayar da idon kan kibiyar hagu. Idan zare ya ƙare ko aka ci karo da ƙulli a cikin dunƙule, a haɗa sabo a farkon layi, ba a tsakiyar tafi ba inda ƙulli zai riƙa sukar mai sawa. A tsaya bayan layin baya, sannan a sake yin saƙar roba ta santimita 3 domin bakin da zai zauna a gindin yatsu. Jimillar tsawo santimita 19 ke nan. Ga namiji mai dogon tafi a ƙara santimita 2 a wurin sumul.

Rufe saƙa yana da sauƙin faɗa: a saƙa ido biyu, a ɗaga na farko da bakin kibiyar hagu a tsallakar da shi kan na biyu ya faɗi, a saƙa wani, a sake tsallakarwa, ana bin tsarin gaba da baya kamar yadda robar take, har ido ɗaya ya rage, a yanke zare da saura santimita 30 a zura shi ciki a ja. Amma a nan nake ganin ya fi kamata a yi hattara, domin mutumin da ke alwala sau biyar a yini zai cire safar nan ya mayar sau da yawa, wani lokaci da ɗanyen hannu, kuma idan bakinta ya ɗame yatsu har ba ya iya ware su, ba zai yi ƙorafi ba saboda kara, ajiye ta kawai zai yi. Don haka a riƙe kibiya mai milimita 5 a hannun dama wajen rufewa. Kafin a yanke zare a naɗa ƙyallen a hannu a ware yatsu. Idan bakin ya ci nama, a warware layin a sake shi sako-sako.

Kafin ɗinki a saƙa ta biyu, ana bin adadin layukan da aka rubuta, ba awon tef kaɗai ba, domin tef yana yaudara a kan saƙa mai miƙewa. A aza su ɗaya kan ɗaya a tabbatar sun yi daidai.

Wajen ɗinki, a ninke ƙyallen a tsaye yadda gefe biyu za su haɗu, fuskar sumul tana waje. A ɗaura guntun zare mai wani launi a santimita 10 daga ƙasa, wani kuma a santimita 4 daga sama. Tazarar santimita 5 da ke tsakaninsu ita ce kafar babban yatsa. Yana da kyau a gwada a hannu kafin a soka allura, domin gindin babban yatsa ba wuri ɗaya yake a kowa ba. A zura jelar ƙasa a allura. Idan aka ɗan buɗa tsakanin ido na farko da na biyu a gefen saƙa, za a ga ƙananan zare a kwance a jere. A ɗauki ɗaya daga gefen dama, a tsallaka a ɗauki takwaransa a hagu, a koma dama, a yi ta hawa, bayan kowane ɗinki biyar ko shida a ja zaren a hankali, sai gefunan su rufe ɗinkin ya ɓuya a ciki. Albarkacin idanun gefe biyun da aka ƙara, tudun robar zai haɗu ya zama cikakke, har sai an duba da kyau kafin a gane inda aka ɗinke. Idan an kai alama a maimaita ɗinki sau biyu a wuri ɗaya, domin nan ne babban yatsa zai riƙa ja. A yi haka daga sama da ɗaya jelar. Wadda ta iya kwarashi, kamar yadda mata da yawa suka iya ta wajen saƙa hular jarirai, tana iya zagaya bakin kafar da layi ɗaya domin ya ƙara ƙwari da kyan gani.

Ragowar jeloli kada a yanke su a gindin ƙulli. A juya safar bai-bai, a bi da kowace jela ta cikin ɗinkin kimanin santimita 4, a juyo baya kaɗan, sannan a yanke. Bayan haka a jiƙa safar a ruwa mai sanyi da ɗan sabulu, a matsa ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a ɗauraye, a naɗe ta a tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa ta a inuwa. Rataya ta a igiya yana sa ta yi tsawo, dutsen guga yana narkar da akirilik, ruwan zafi da cuɗa kuma suna sa ulu na gaske ya tsuke ya cure. Wankin farkon nan yana daidaita idanun da suka yi gargada, kuma a bushewar iskar hunturu ba ta daɗewa take shanyewa.

Mai koyon da ke saƙa da yamma bayan ayyukan gida ya ba kansa mako biyu zuwa uku, har da kwanakin gwaji, wato a fara tun a watan Oktoba ko farkon Nuwamba idan ana so kyautar ta riski sanyin Disamba da Janairu. Wajen miƙa ta, a haɗa da 'yar takarda mai bayanin wanki da gargaɗin wuta, a kuma naɗe ragowar zare kamar mita biyu a saka a ciki, domin kafar babban yatsa ce ke fara sakin ɗinki, kuma da irin zarenta ake gyara ta.